Jirgin da Ba Ya Shan Mai: Abin da Nake So Makarantunmu na Kebbi Su Duba

Duk ranar da na bi hanyar Argungu daga Birnin Kebbi na wuce ta Ambursa, inda filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake, tambaya ɗaya ce ke dawo mini: cikin yaran da ake haifa a ƙauyukan da ke zagaye da wannan fili, nawa ne za su taɓa sanin abin da ke riƙe jirgi a sama? Ba maganar hawa nake yi ba, domin alhazanmu na hawa duk shekara, maganar fahimta nake yi. Ra'ayina shi ne akwai hanya mai sauƙin kuɗi da za a buɗe wa ɗalibanmu wannan ilimi, kuma hanyar ita ce manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi wadda masu ita suka bar cikinta a buɗe ga kowa.

Koyon tuƙi a ƙasa ba sabon abu ba ne. Tun 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya haɗa akwatin koyon tuƙi da zuga-zugin da ya samo a masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa, akwatin yana karkata dama da hagu gwargwadon yadda ɗalibi ya motsa sanda, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an horar da dubban matuƙa da shi. Da kwamfuta ta shiga gidaje sai Microsoft Flight Simulator ta fito a 1982, daga baya X-Plane ta biyo. Duka biyun na sayarwa ne, kuma rubutun da aka gina su da shi a kulle yake, wato kana iya tuƙi amma ba za ka buɗe injin ka ga abin da ke ciki ba. Wannan ne ya sa a 1996 wasu masu sha'awar jirgi suka fara shawara a intanet cewa su gina tasu, aka samar da FlightGear, wadda Curtis Olson ya daɗe yana jagoranta, ta fara fitowa a 1997 ƙarƙashin lasisin GPL. Ma'anar lasisin a taƙaice ita ce kowa na da damar ya sauke ta kyauta, ya karanta rubutunta, ya gyara, ya raba wa wasu, da sharaɗin idan ya raba abin da ya gyara shi ma ya bar shi a buɗe.

Ni malamin kimiyyar lissafi da motsi ne a sakandare, kuma na fara gwada ta ne a wata tsohuwar laftof da batirinta ba ya wuce minti arba'in. Jirgin da ake fara ba ka shi ne Cessna 172, ƙaramin jirgi mai kujera 4 wanda makarantun tuƙi da yawa a duniya ke koyarwa da shi. Na faɗi da shi fiye da a ƙirga kafin na iya sauka lafiya. Amma abin da ya riƙe ni ba tuƙin ba ne. Wata rana na buɗe babban fayil ɗin jirgin na tarar da nauyinsa, da faɗin fikafikansa, da ƙarfin injinsa, da yadda iska ke ɗaga shi a kowace kusurwa, duk an rubuta su a fili cikin tebur na lambobi da mutum zai iya sauyawa kamar yadda yake gyara wasiƙa. Ɓangaren da ke karanta waɗannan lambobi ana kiransa JSBSim, wanda injiniya Jon Berndt ya fara, kuma aikinsa shi ne ya lissafa ƙarfi huɗu da ke kan jirgi sau da yawa a kowace daƙiƙa: nauyin da ke jan sa ƙasa, ɗagawar fikafikai, turawar injin, da turjiyar iska. Na ƙara wa jirgin nauyi a baya, na tashi da shi, hancinsa ya ɗaga sama har ya ƙi jin sanda. Darasin da na yi shekaru ina zana wa yara a allo da alli ke nan, ga shi yana faruwa a gaban idona.

A nan ne nake ganin amfanin ya fi yawa gare mu, domin yanayinmu ba irin na littattafan da ake rubutawa a Turai ba ne. Ana lissafin ƙarfin jirgi ne bisa iskar da zafinta yake digiri 15 a gaɓar teku, alhali a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu zafin rana kan haura 40. Iska mai zafin digiri 42 ta fi mai digiri 15 sauƙi da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan ragin yana taɓa fikafikai da farfela da injin gaba ɗaya, don haka jirgi na buƙatar titi mai tsawo kafin ya rabu da ƙasa, kuma yana hawa a hankali. Ɗalibi zai iya sanya zafin bazara a manhajar ya auna tsawon titin da jirgin ya ci, sannan ya sanya sanyin Janairu ya sake aunawa, ya kwatanta da lissafin da ya yi a takarda. Haka kuma zai iya rage nisan gani ya kwaikwayi hazon hunturu da ke sa a soke tashin jirage a Arewa, ya ga dalilin da ya sa matuƙi ke dogara da agogunan gabansa maimakon idonsa. Mu a wannan yanki ba mu manta da 29 ga Oktoba 2006 ba, ranar da jirgin da ya ɗauko Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah ya jiƙansa da sauran waɗanda suka rasu, ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja bayan ya shiga iska mai sauya ƙarfi da alƙibla farat ɗaya. Irin wannan iskar ba a koyon ta a sama, a na'urar kwaikwayo ake koyon ta.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Wannan manhaja ba za ta ba kowa lasisin tuƙi ba. Mai son zama matuƙi sai ya je makaranta irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ya cika sa'o'insa a jirgi na gaske da na'urorin da hukuma ta amince da su, kuma manyan na'urorin da kamfanonin jirage ke horar da matuƙa a ciki, masu motsi a kan ƙafafu shida, kuɗinsu miliyoyin daloli ne. Ga matsalar wuta, ga tsadar data, domin taswirar ƙasa da manhajar ke saukewa tana da nauyi, ko da yake idan mutum ɗaya ya sauke ta yankinmu ana iya raba ta a filasha. To amma wa ya ce aikin jirgi tuƙi ne kawai? Bayan kowane matuƙi akwai injiniyoyi, da masu rubuta manhaja, da masu hasashen yanayi, da masu zana taswira, kuma su ne wannan hanya ke iya haifarwa.

Saboda haka kira nake yi ga malamanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar jiha da ke Aliero, su duba yiwuwar karɓar irin wannan a matsayin aikin kammala karatu. Ɗalibin kwamfuta zai iya gina ginin filin Ambursa da manhajar zana siffofi ta Blender, wadda ita ma kyauta ce, ya aika a sanya shi cikin taswirar FlightGear ta yadda mai tuƙi daga Jamus ko Indunusiya zai sauka ya gan shi. Ɗalibin safiyo zai iya gyara hanyoyi da garuruwanmu a OpenStreetMap, inda ake ɗibar bayanan gine-gine da tituna na taswirar, har fadamar Argungu da gaɓar Neja a Yawuri su fito da kamanninsu. Ɗalibin lantarki kuwa zai iya haɗa sandar tuƙi da fedar ƙafa ta amfani da ƙaramin allon lantarki na Arduino da 'yan ƙarafan da makera da masu walda na tsohuwar kasuwa za su lanƙwasa masa. Aikin da aka aika wa irin wannan ƙungiya mutane ne daga ƙasashe daban-daban za su duba shi su mayar da gyara, kuma a ganina wannan jarrabawa ta fi kundin da ake ɗaurewa da baƙin bango a ajiye a kanta ƙura ta rufe.

Akwai kuma abin da ya shafi tukunyarmu kai tsaye. Manoman shinkafa sun san ɓarnar tsuntsun jan-baki, kuma sun san cewa idan ya yi yawa sai an nemo jirgi ya yi feshi. Ƙananan jirage marasa matuƙi suna iya leƙa gona, su gano inda tsuntsu ke kwana, su auna inda ambaliya ta ci, kuma manhajojin da ke tuƙa da yawa daga cikinsu, irin ArduPilot da PX4, su ma a buɗe suke. Ana iya gwada su a kwamfuta kafin a sayi ko dunƙulen batir ɗaya, a haɗa ArduPilot da FlightGear a ga jirgin yana bin hanyar da aka zana masa, idan lissafi ya kuskure ya faɗi a allo maimakon a gonar mutane. Rundunar Sojin Sama ta nuna nata jirgin marar matuƙi mai suna Tsaigumi a Kaduna a 2018, wanda ke tabbatar da cewa akwai 'yan ƙasa da suka iya wannan aiki.

A zangon da ya wuce na kai laftof ɗin aji, na bar ɗalibai suka riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ja hancin jirgin sama har ya rasa gudu ya rikito, ta sake gwadawa ya sake rikitowa, sannan ta juyo ta ce, "Malam, ashe ba injin ne ya mutu ba, iskar ce ta daina bin fiffiken." Littafinmu ya ce hakan na faruwa idan kusurwar fiffike da iska ta wuce kusan digiri 15, kuma ban kai ga wannan shafin ba tukuna. Batirin ya mutu kafin sauran rabin ajin su taɓa.