Wai sai na tofa yawu kafin in san kakana

Wata abokiyar aikina baƙar fata a nan Amurka ta miƙo min wayarta tana ta murna, wai sakamakon gwajin DNA ɗinta ya fito, jinin Najeriya ne ya fi yawa a jikinta. Na taya ta murna, sai ta ce ni ma in yi. Na ce ai ni na san asalina, na fara jero mata kakannina na ƙauyenmu a wajen Ringim. Buɗar bakinta sai cewa ta yi to ina takarda? Wallahi abin ya sosa min rai.

Ku ji yadda suke yi fa. Ɗan kwali ake aiko maka ta gidan waya da ƴar kwalbar roba a ciki, ba ci ba sha na minti 30, ka zauna ka yi ta tofa yawu kamar mai sabon ciki har ya kai wani layi, ka rufe ka mayar musu, bayan wasu makonni sai ga taswira kala-kala a waya, kaso kaza nan kaso kaza can. Kwatanta DNA ɗinka suke da na mutanen da suka riga suka tara, shi ya sa da sun ƙara mutane sai kason naka ya canza. Kuma ita Najeriyar sai 1914 Turawa suka haɗa ta, kakannin abokiyar tawa da aka kwashe a jiragen bayi ko sunan ba su taɓa ji ba.

Ni ban ga laifinta ba, wanda aka raba da sunansa da yarensa dole ya laluba. Amma mu don Allah? Tsagen fuskar tsoho kaɗai ya isa, ga maroƙi ranar suna, Bafulatanin Kano ya san ko cikin Sulluɓawa yake ko Dambazawa ba tare da ya biya ko sisi ba. Kamfanin 23andMe mai yin irin wannan gwajin kuwa a 2023 aka sace bayanan mutum kusan miliyan 7 a hannunsu, a 2025 suka karye.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya yaran gida ne. Goggo ce kaɗai ta rage da ta san wa ya haifi wa, daga ina aka taso, wace rijiya aka fara haƙawa. Na roƙi ƙanena ya zauna da ita ya ɗauki muryarta a waya, har kuɗin data na tura masa, kullum sai ya ce Yaya babu caji, amma ba ranar da ba na ganinsa a TikTok.