Tarin Hunturu Ba Sanyi Kaɗai Ke Kawo Shi Ba

Duk shekara idan hunturu ya kama a Kumasi, sai in ji mutanen Zango da Aboabo suna cewa tari da ƙaiƙayin ido sanyi ne kawai, shi kuwa hayaƙin mota sai an shekara da shekaru ana shaƙarsa kafin ya cutar da mutum. Maganar tana da tushe, domin busasshiyar iska kan tayar da tari, kuma cututtuka irin su sankarar huhu a hankali suke ginuwa. Sai dai na gaji da jin ta, saboda gurɓatacciyar iska tana iya yin illa cikin sa'o'i kaɗan.

Ƙurar Sahara da hayaƙin motocin haya da na sharar da ake ƙonawa suna ɗauke da ƙananan ɓurɓushi da ake kira PM2.5, waɗanda ido ba ya gani. Suna wuce hanci su kai can cikin huhu su kumbura hanyoyin numfashi, shi ya sa mai asma kan shiga wahala a ranar da ya shaƙe su, mai ciwon zuciya ma haɗarinsa kan ƙaru. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicinsu na sa'o'i 24 ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska.

Mai talla da ta wuni a bakin tashar Kejetia ta koma gida da shaƙewar ƙirji da ciwon kai, rigar sanyi ba za ta raba ta da wannan ba, domin abin da ta shaƙa tun safe ne ke damunta.