Ba launin fata kaɗai ya kayar da Kamala ba

Malam mai rubutu, ka ce wai Amurkawa sun ƙi Kamala Harris a 2024 ne don mace ce kuma baƙar fata, ni gaskiya ban yarda da kai duka ba. Wariya akwai ta, wannan ba mai musu, amma Michigan da Wisconsin da Pennsylvania ɗin nan ai su suka zaɓi Obama har sau biyu, 2008 da 2012, to yaushe suka lura baƙi ne? Hillary ma a 2016 ta fi Trump ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 3.

Ƙanina yana tuƙa tasi a Detroit, lokacin da Obama ya tsaya a Pittsburgh yana yi wa baƙaƙen maza faɗa wai ba sa son mace ta mulke su, wallahi ransa ya ɓaci sosai, ya ce min yaya kuɗin haya da ƙwai da fetur ne suka dame ni. Su kuma Larabawan Dearborn da suka juya mata baya suna kallon gawarwakin yaran Gaza a waya kullum, haba, su ma ƙin mace za a ce sun yi?