Kafin tashar nukiliya, a ba mu dokar da za ta ciyar da bincike

Tun da aka sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa a fannin nukiliya tsakanin Nijar da kamfanin Rosatom na Rasha a nan Yamai, ƙarshen watan Yulin 2025, maganar tashar nukiliya ba ta bar bakin mutane ba, a fada, a rediyo, a Facebook, ko'ina ita ake yi. Ni ba ni da rigima da burin, ƙasar da ta fi shekara 50 ana haƙo uranium a Arlit ai tana da haƙƙin ta so ganin ya haska gidajen ɗiyanta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne duk cikin wanga hayaniya ba a maganar dokar da za ta ware kuɗi na dindindin domin binciken kimiyya da makamashi, kuma in ka tada zancen sai a ce maka haba malam, bincike ai na waɗanda suka ƙoshi ne, mu kuran muke so yanzu yanzu, a sayo a kafa mana kawai.

To wallahi wannan tunani na a sayo a kafa mana shi ya kai mu inda muke. Kowa ya tuna watan Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta katse mana wuta saboda takunkumin CEDEAO, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha daga can take zuwa, aka yi watanni masu walda na zaune, masu ƙanƙara sun rasa abin sayarwa, teloli na jiran tsakar dare, wanda ke da hali ya koma ga gurup, sai a Maris 2024 aka maido. Darasin da aka ɗauka shi ne mu gina tashoshinmu, kuma gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. In baƙo ya zana tashar, baƙo ya gina, baƙo ke gyara in ta lalace, baƙo ke kawo kayan canji, ai dogaron yana nan, uban gidan kawai aka sauya. Kayan aro ba ya rufe katara.

A nukiliya ma abin ya fi tsanani. Garin uranium ɗin da muke fitarwa daga Arlit ba a zuba shi a tasha haka nan, nau'in da ke ba da wutar bai wuce kashi 0.7 cikin 100 a cikinsa ba, sai an tace shi an kai shi kashi 3 zuwa 5 sannan a ƙera sandunan da tashar ke ci, kuma ƙasashen da ke wannan aiki ƴan ƙalilan ne. Hukumar nukiliya ta duniya da kanta ta ce ƙasar da za ta fara daga tushe tana buƙatar shekara 10 zuwa 15 kafin tashar farko ta kama aiki. Wa zai karanta kwangilar ya gane inda aka danne mu? Wa zai ce a tsayar da injin nan yau saboda awon da ya gani bai yi masa ba? Muna da hukumar nukiliya ta ƙasa HANEA, muna da cibiyar binciken nukiliya ta IRI a jami'ar Yamai, muna da makarantar injiniyoyin ma'adinai ta EMIG, amma aikin na buƙatar ɗaruruwan masana, kuma daga bak zuwa digirin dakta a fizik shekara 8 ne in komai ya tafi daidai babu yajin aiki babu shekarar da ta lalace. Ma'ana yaran da za su riƙe tashar yanzu haka suna kolej, wasunsu ma ba su taɓa ganin ɗakin gwaje-gwaje da idonsu ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, mu ba baƙi ba ne a wanga fage. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'armu ta Yamai ke ɗauke da sunansa, tun duniya ba ta damu da hasken rana ba shi ya ba da rayuwarsa a kai. An kafa ONERSOL, ofishin makamashin hasken rana na ƙasa, a 1965, ya karɓi ragamarta a 1969 ya riƙe ta har tsakiyar shekarun 1980, a nan Yamai ake ƙera na'urorin dafa ruwa da murhun girki da na'urar tace ruwa masu aiki da rana, da hannun ƴan ƙasa, bisa lissafin ƴan ƙasa. Lokacin ba mu da man fetur, ba mu da matatar Zinder, talaucin ya fi na yau, amma hukumomin wancan zamani suka ga ya dace a kashe kuɗi a kan mutum mai awon zafin rana. Ya rasu a 1991, Allah ya jiƙansa, mun sa sunansa a ƙofar jami'a, aikin nasa kuma muka bar shi ya yi sanyi, yau kusan duk panon hasken rana da ke kan rufin Yamai da Tawa daga waje aka shigo da shi. Duk mai cewa bincike ba na talaka ba ne ya je ya karanta tarihin mutumin nan tukuna sannan mu yi magana.

Kuma ba wai binciken da nake nufi wani abu ba ne na sama da ba ya taɓa rayuwar kowa. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan pano an auna shi ne a zafin digiri 25, amma a kan rufin kwano a Tawa cikin watan Afrilu panon kansa yana wuce digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage wajen kashi 0.4 cikin 100 na wutar da yake bayarwa, ga ƙurar hunturu da ke lulluɓe gilashin, ga batir da zafi ke kashewa tun bai cika kwanansa ba, magidanci ya tara kuɗi da ƙyar ya saya bayan ɗan lokaci ya koma sayen wani. Waɗannan tambayoyin fizik ne da kimiyyar sinadarai, wane irin shafi za a yi wa gilashi ƙura ta ƙi kamawa, wane haɗi ne ke jure zafin Sahel, kuma kamfanin da ke can ƙetare ba zai hana kansa barci a kan matsalarmu ba tunda ko ya lalace gare shi za mu koma. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta Malbaza mai megawat 7 ya kamata a ce kowace ta zama ajin karatu, ɗalibai na awo kullum, ana tara bayanai, ana rubuta digiri a kansu.

Waɗanda suka yi nisa da doka suka yi. Amurka da duk arzikinta ba ta bar wa kasuwa abin ba, a Agustan 2022 ta yi dokar da ta tanadi wajen dala biliyan 280, wani kaso nata na binciken tushe ne a manyan ɗakunan gwaji 17 na ma'aikatar makamashinta. In an ce Amurka ta yi mana nisa to ga maƙwabciya nan, Najeriya na da asusun TETFund tun 2011, doka ce ta ɗora haraji kan ribar kamfanoni ana zuba wa manyan makarantu, da duk kurakuransa ka shiga jami'o'insu za ka ga gine-ginen da malaman da ya tura karatu. Tarayyar Afirka ma tun 2006 ta nemi kowace ƙasa ta ware kashi 1 cikin 100 na arzikinta ga bincike.

Za a ce muna cikin yaƙi, kuɗi na tsaro ne, kamar dai ƙasar da ba ta iya riƙe wutarta da kanta tana da tsaro. Ai mun ga abin da gwamnati ke iyawa in ta so, a Oktoban 2023 aka kafa asusun ceton ƙasa na FSSP, ana cira har a kiran waya, mutane suka bayar. Alƙalamin da ya rubuta waccan doka zai iya rubuta wannan, yanzu ko jiran majalisar dokoki babu. Somaïr mai haƙar uranium a Arlit ta dawo hannun ƙasa tun Yunin 2025, ɗanyen man Agadem na bin bututu zuwa tashar ruwan Seme a Benin, a yanki wani kaso tsayayye daga uranium da fetur a ce na bincike ne, ba wanda minista zai rage in kasafin kuɗi ya matse, kuma ya tafi kai tsaye ga ɗakunan gwaji da burs ɗin masu digirin dakta a Yamai da Agadas da Tawa da Maraɗi, ba taron ƙara wa juna sani a otel da sayen manyan motoci ba. Duk kwangilar makamashi da za a sa wa hannu, da Rasha ne ko Sin ko Turkiyya, a rubuta a ciki yawan ɗiyanmu da za a horar. Ƴan majalisar tuntuɓa su ɗora wannan a teburinsu a zamansu na gaba, malaman SNECS, ƙungiyar malaman jami'a, kuma su rubuta daftarin da kansu su kai, kar su jira sai an kira su.