A bar mota a tudu, Matan Fada ba tasha ba ce

Kun dai ga bidiyon nan da yake ta yawo tun jiya, na masu ɗaukar hotunan kafin aure da suka tattake gonar wani dattijo da motoci a Argungu. Abin da mutanen nan suka yi zalunci ne, kuma duk wanda ya fito yana kare su ya yi tarayya da su a ciki. Don kawai za ku ɗauki hotunan kafin aure, sai ku jero motoci ku sauka daga kan hanya, ku bi ta cikin fadama har bakin Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi na Argungu a cikinsa, ku tattake irin shinkafar da bawan Allah ya yi makonni yana raino yana jiran dashe? Da babbar motar ta kafe a laka, aka yi ta ba ta wuta tana haƙa rami, aka fasa masa tiyon ban ruwa. Bayan an ciro ta kuma, direba ya matsa da ita gaɓa ya wanke ta da omo a cikin ruwan. Wallahi raina ya ɓaci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da ta shiga tsakanin dattijon mai gonar da wani yaro mai baƙin tabarau daga cikinsu. Tsoho ya ce, "Ɗana, ku ji tsoron Allah, nan abincin iyalina ne." Yaro ya ce, "Baba, nawa ne kuɗin ciyawar taka? Faɗi a biya ka." Ya kira irin shinkafa ciyawa. A Argungu fa, garin da babban kamfanin casar shinkafa yake aiki tun 2017, a jihar da aka zo aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na ƙasa baki ɗaya a 2015. Shinkafar da za a dafa a bikin nasa ma daga irin wannan fadamar take fitowa.

Ni magana ɗaya nake da ita: a bar mota a tudu. Kowace iri ce, ta kowane ne. A ware fili nesa da gaɓa, a kafa shinge, kowa ya ajiye motarsa ya taka da ƙafarsa.

Ku tuna wane irin wuri ne wannan. Matan Fada ba kamar sauran ruwaye take ba. Ruwa ne da aka killace, yana da Sarkin Ruwa, yana da ka'ida. Masunci ɗan gari, wanda uban kakansa a ruwan nan ya rayu, yana ganin kifi yana wasa amma ba zai jefa homa ba sai ranar da aka ba da izini. Ya haƙura wata da watanni domin kifi ya hayayyafa ya girma. Wannan haƙurin ne ya sa a 2020, da aka dawo da bikin bayan kusan shekara 10 ba a yi ba, aka ciro kifi mai kilo 78. Tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu wajen Sarkin Kabi Muhammadu Sama ake wannan biki, har a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya take kiyayewa. To an hana talaka jefa homa ya bi doka, sai kuma a bar mai mota ya zo ya zuba omo da baƙin mai a ruwan? Ina adalci a nan?

Masu cewa ai mota ɗaya ba ta ɓata kogi, ku je ku tsaya a gaɓar ku duba. Mota ɗaya takan bar sawu, gobe wani ya ga sawun ya bi, jibi ya zama hanya. Ƙasar fadama taushi gare ta, idan taya ta danne ta sai ta daskare, ruwa ba ya ratsa ta, garma ma sai ta sha wuya. Ciyawar bakin ruwa da take riƙe gaɓa ta mutu, damina na zuwa gaɓar ta zabtare, yashi da laka su cike gurbin da kifi yake kwanciya. A cikin wannan ciyawar ta bakin ruwa ƙananan kifaye suke fakewa. Baƙin mai kuwa ko ɗigo kaɗan ne sai ka ga ya shimfiɗu a saman ruwa yana ƙyalli. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma sawun tayar farko shi ne tsagewar. A bar mota a tudu.

Wani ya rubuto mini wai za mu kori baƙi. Wane baƙo? Wanda ya taso daga Sakkwato ko Birnin Kebbi ko Kano don ya ga ruwan Argungu, tafiyar minti goma ce za ta mayar da shi gida? Duk wanda Allah ya kai shi aikin hajji ya san ba a barin ƙananan motoci su shiga Mina da Arfa a kwanakin aiki. Attajiri da talaka kowa bas yake hawa, ko jirgin ƙasa, ko ya taka. Ba mu ji an daina zuwa hajji ba. Ranar idi ma a garuruwanmu nesa muke ajiye mota mu ƙarasa da darduma a kafaɗa. Baƙo muna son shi, muna girmama shi, amma baƙon kirki ba ya shiga gonar mai masaukinsa da mota.

Tsofaffi da marasa lafiya fa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, amsarta kuma ba wuya. A fitar da hanya ɗaya tak, a zuba mata jar ƙasa, a ba 'yan Keke Napep na gari lamba su riƙa jigila daga wurin ajiye motoci zuwa inda aka tsayar. Samarin unguwa su tsare filin, a yanka tikiti mai rasit, kuɗin ya tafi ga shara da gyaran shinge. Masu soya kifi da masu ƙosai da masu ruwan sanyi su jeru a kan hanyar masu tafiya a ƙasa. Wanda ya rufe gilashi ya wuce ba ya sayen kifin kowa. Mai tafiya da ƙafa shi ne yake tsayawa ya yi ciniki.

Sai dai ina roƙon masarauta da ƙaramar hukuma, don Allah idan za a kafa shingen nan kada a ce ban da manya. Ranar da aka ɗaga wa mai jiniya ɗaya, shi ke nan, gobe ƙaninsa zai zo, jibi direbansa zai zo da budurwarsa. Babba na gaskiya shi ya kamata ya fara saukowa ya taka, jama'a su gani. Kuma kada a jira sai biki ya matso. Bikin kwana huɗu ne, noman rani kuwa watanni ake yi ana ban ruwa, da man fetur mai tsadar da kowa ya sani. Dattijon nan kuma a biya shi asararsa, da tiyonsa da irinsa da kwanakin da ya rasa, yaron ya je har gida ya durƙusa ya ba shi haƙuri.

Wani abu ma da yake damuna: duk masu zuwa ɗaukar hoton nan, mutum nawa ne a cikinsu ya taɓa leƙa gidan tarihi na Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi? Yana nan cikin gari, tsohuwar fada ce, ga makamai na da, ga kayan su, ga kaburburan sarakuna. Makon jiya na tambayi ɗan ƙanwata, ɗan aji uku a sakandare, wane ne Kanta, sai ya ce mini sunan makaranta ne. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan kwashe su gaba ɗaya, shi da nawa yaran, mu je. Wanda yake son ya haɗa mini da nasa ya yi mini magana kafin Juma'a, da ƙafa za mu tafi daga bakin kasuwa.