Ɗan sandan da aka kora a wani gari bai kamata ya sami bindiga a wani ba

A watan Yulin 2024 Sonya Massey ta kira 'yan sanda gidanta kusa da Springfield a jihar Illinois ta Amurka, saboda ta ji motsin mutum a waje. Ɗaya daga cikin waɗanda suka zo, Sean Grayson, shi ya harbe ta a kicin ɗinta, bayan wata taƙaddama kan tukunyar ruwan zafi. Da aka tono tarihinsa sai ga shi ya yi aiki a hukumomi shida cikin shekara huɗu, sau biyu kuma an same shi da laifin tuƙi cikin maye. Duk wannan bai hana a ba shi kaki da bindiga ba.

A 2025 Gwamna Pritzker na Illinois ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa duk hukumar da za ta ɗauki ɗan sanda ta duba cikakken fayil ɗinsa daga wuraren da ya baro. Madalla. Sai dai dokar jiha iyakarta jiha, alhali Amurka na da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, kowacce da nata tsarin. Wanda aka sallama a nan sai ya tsallaka can da bakinsa shiru. Ko ɗan sandan da ya kashe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, a Cleveland a 2014, tsohuwar ma'aikatarsa ta riga ta rubuta cewa bai dace da aikin ba. Sababbin iyayen gidansa ba su buɗe fayil ɗin ba.

Ƙudurin dokar tarayya da aka sa wa sunan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe, ya ƙunshi rajistar ƙasa ta masu irin wannan tabo. Majalisar Wakilai ta amince da shi a 2020 da 2021, ya maƙale a Majalisar Dattawa. Rumbun bayanan jami'an tarayya da Biden ya kafa ma, Trump ya soke shi a Janairun 2025.

Masu adawa na cewa aikin ɗan sanda hurumin jihohi ne, kuma rajista za ta iya ɓata sunan wanda aka yi wa ƙazafi. Batu na biyu gaskiya ne, maganinsa kuwa a shigar da laifin da aka tabbatar kawai, a ba mutum damar ɗaukaka ƙara. Na farkon ne ban gamsu da shi ba. Babu wanda ya ce Washington ta zaɓa wa ƙananan garuruwa ma'aikata. Abin da ake nema shi ne a ajiye bayanin inda kowa zai gani, kuma duk hukumar da ke karɓar kuɗin tarayya a tilasta mata dubawa kafin ta ɗauki mutum.