A Legas ma'aikaci ba shi da la'asar

Makon jiya wani maƙwabcinmu a Agege, ma'aikacin gwamnati, ya nemi izinin kwana biyu don ya raka yaran Islamiyyarmu musabaƙa. Ogansa ya ce ba damuwa, amma daga hutunsa na shekara za a cire. Haka ya haƙura ya tafi. Abin nan ya tsaya mini a rai.

Ku da kuke gida Arewa sai kun ga rayuwar ma'aikaci a nan za ku gane. Mutum ya fito tun kafin assalatu, ya matsu a danfo, wato bas ɗin haya, kwandasta na rataye a ƙofa yana ta ihun Oshodi. Mai aiki a Island, wato tsibirin Legas, in ya tashi da yamma, cunkoso ya riƙe shi kan gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 a kan ruwa, ga hayaƙi, ga masu tallan gala da ruwan leda suna ratsa motoci. Kafin ya iso gida an yi isha'i, 'ya'yansa sun yi barci. To yaushe zai zauna da ɗan wani?

Ba wai Legas ba ta san darajar hutu ba. Tun 2014 ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa wata 6, maza kwana 10, kuma na yaba. Me zai hana a ƙara ko da kwana ɗaya a wata, da cikakken albashi, ga mai koyar da yara karatu ko ƙwallo? Za a ce wasu za su fake da shi su tafi harkarsu. Sai shugaban makaranta ya riƙa sa hannu a takarda, shi ke nan.

Mu dai a Zariya ba mu taɓa jiran takardar gwamnati ba. Wanda ya koya mana lissafi a zaure akawu ne, da an sallame la'asar zai shimfiɗa tabarma, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Abokan aikina nan suna yawan yi mini gori wai Arewa ta bar yara a titi. Ban musa ba. Amma yaron da ke unguwarmu yana da kawu, yana da mai tsawata masa a kowane lungu. Ɗana kuwa in ya dawo makaranta sai ɗaki da wayar uwarsa, babu babban da ya san sunansa a layinmu. Mun yi magana da ita, in an yi dogon hutu zan kai shi wajen Yaya a Tudun Wada ya ci gaba da karatu can.